Kundin Kan Sarki na Takarda da na Intanet: Amsa ga Ɗan'uwan da Ya Gaji Gwangwanin Mahaifinsa

Wani ɗan'uwa a wannan zaure namu, mazaunin cikin birni, ya ce ya gaji gwangwani cike da kan sarki daga mahaifinsa, Allah ya jiƙansa da rahama, wasu a ɓare, wasu kuma har yanzu suna manne da ambulan ɗin wasiƙun da suka zo daga Legas da Damagaram da Kumasi da Makka. Tambayarsa ita ce: ya sa a sayo masa kundin bayanan kan sarki na takarda daga waje, ko kuwa waɗanda ake samu a waya sun wadatar? Malam, na daɗe ina amfani da duka biyun, kuma abin da na fahimta shi ne ba aiki ɗaya suke yi ba, ko da yake suna ɗaya suke amsawa.

Babban amfanin kundi shi ne lambar da yake ba kowane kan sarki, domin da ita masu tarawa suke fahimtar juna ba tare da doguwar siffantawa ba. Gidaje huɗu ne suka yi fice a wannan aiki. Akwai Stanley Gibbons na Landan, wanda ya fara fitar da jerin farashi a 1865, da Scott na Amurka a 1868, da Yvert et Tellier na Faransa a 1896, sai kuma Michel na Jamus. Kowane gida da tsarin lambarsa, don haka kan sarki guda yana iya ɗaukar lamba huɗu mabambanta. Scott, alal misali, yana ware na wasiƙun jirgin sama ya sa musu harafin C a gaba, alhali Gibbons yana jera su tare da sauran bisa lokacin fitowarsu.

Na intanet kuwa iri biyu ne, kuma rashin bambance su ne yake rikita mutane. Akwai waɗanda gidajen nan da kansu suka mayar na waya da kwamfuta, ana biyan kuɗi kafin a shiga. Akwai kuma na kyauta irin su Colnect da StampWorld, waɗanda kowa zai iya buɗewa matuƙar yana da data.

Wajen gano kan sarki da sauri, na kyautan sun yi wa takarda nisa. Ka ɗauki na sule ɗaya mai hoton Babban Masallacin Kano, wanda aka fitar a 1959 lokacin da Jihar Arewa ta samu mulkin kai, tare da ɗan'uwansa na taro, wato kwabo uku, mai hoton zauren Lugard na Kaduna. Idan ka zaɓi ƙasa da shekara a Colnect, kafin shayinka ya huce hoton ya bayyana da launinsa, ga kuma lambobin manyan kundayen an jera su wuri guda, abin da babu kundin takardar da zai yi maka, tunda kowane gida lambarsa kaɗai yake bugawa. Haka za ka gano na sule goma mai hoton filin jirgin saman Kano na 1961. Kuma tunda gwangwaninka ya haɗa Nijar da Gana da Saudiyya, da takarda za ka bi sai ka nemi littattafai da yawa, domin kundin duniya na Scott kaɗai juzu'i shida ne, kowanne kuma an raba shi biyu, ga nauyi ga tsadar jigila. A waya za ka iya yi wa abin da ka mallaka alama, ka san abin da ya rage maka, ba ruwanka da gara ko laimar damina da suke cin littafi a ɗaki.

Sai dai fuskar kan sarki rabin labarinsa ce, kuma a nan ne tsohon kundi yake nuna shekarunsa ba a banza suka tafi ba. Arewacin Nijeriya ta yi kan sarkinta na kanta daga 1900, da hoton Sarauniya Biktoriya, har zuwa haɗewar 1914. Na kwabo ɗaya mai hoton Sarki Edward na Bakwai ya fito a 1902, aka sake fitar da shi a 1905, zane ɗaya, launi ɗaya. Abin da ya raba su wata alama ce da ke ɓoye a cikin jikin takardar. Wata safiya ta hunturu na ɗauki guda biyu da matsefata, na kifa su a kan baƙin faranti kusa da taga, na karkata farantin har haske ya bi ta gefe. A bayan na farko sai ga kambi guda ɗaya da haruffan CA a ƙarƙashinsa, a bayan na biyun kuwa gutsattsarin kambuna ne da yawa sun bazu har gefuna. Kundin Gibbons na ƙasashen renon Ingila, wanda ya ɗauko daga 1840 zuwa 1970, ya ba kowannensu lambarsa da farashinsa, ya zana siffar alamar, ya kuma faɗi inda aka yi amfani da takarda mai alli. Hoton fuska a waya ba zai taɓa nuna maka wannan ba, kuma manhajojin da ake ɗaukar hoto da su don su faɗi sunan kan sarki sun fi kowa faɗawa wannan rami, domin fuskar kaɗai suke gani.

Haka batun haƙoran gefe yake. Ana ƙirga ramukan da ke cikin santimita biyu, kuma a jerin kan sarkin Nijeriya masu hoton Sarki George na Shida da ya fara fitowa a 1938 akwai masu 12 da masu 11½, bambancin da ido ba ya kamawa sai da ma'auni. Shafukan kyauta sukan kawo irin wannan bayani, ban hana ba, amma Colnect 'yan sa-kai ne suke cika shi, wani ƙwararre ne wani sabon shiga, saboda haka za ka tarar da wata ƙasa an yi mata aiki mai kyau wata kuma an bar giɓi. Kuskure yana gyaruwa da wuri a can, amma kuma yana shiga da wuri. StampWorld kuwa lambarsa ta kansa ce, idan ka faɗa wa dillali a Landan sai ya nemi ka ba shi ta Gibbons. Launi ma ba abin dogaro ba ne a waya, domin ja ɗaya yakan fito daban a waya biyu, yakan kuma sauya idan ka fita rana.

Na biyan kuɗin suna tsakiya. Bayaninsu shi ne na littafin, editocin gidan ne suka tantance shi, ga sauƙin bincike da damar ƙara girman hoto. Amma galibinsu haya ce, ranar da kuɗin shekara ya ƙare ƙofa ta rufe, alhali littafin da ka saya naka ne har ka bar wa 'ya'yanka. Ga biya da fam ko dala ko yuro, wanda duk mai katin naira ya san wahalarsa, ga kuma ɗaukewar wuta da raunin sabis da kan katse mutum yana tsakiyar aiki. Michel da Jamusanci yake, Yvert da Faransanci, kuma shi ne madogara ga kan sarkin Nijar. A ganina wanda bai riga ya tsayar da fannin da zai bi ba, biyan wannan kuɗi gaggawa ce.

Game da farashi, ina roƙonka kada ka ɗora zuciya a kan ko ɗaya daga cikinsu. Adadin da ke cikin kundi na kan sarki ne lafiyayye, marar yagewa, mai cikakkun haƙora, a hannun dillali mai sayarwa a Turai ko Amurka, ba abin da za a miƙo maka a Kano ba ne. Yawancin waɗanda suka bi ta gidan waya an buga su ne da ɗimbin yawa, farashinsu a kundi ladan ɗawainiyar dillali ne kawai. Akwai masu tsada ƙwarai, kamar na fam 25 na Arewacin Nijeriya na 1904, amma irin wannan ba kundin da ke tabbatar da sahihancinsa, sai takardar shaida daga kwamitin ƙwararru. Wannan ne ma ya sa tsohon bugu bai zama asara ba, domin farashi ne yake tsufa, bayanin kambi da haƙora na 1905 kuwa yana nan yadda yake.

Da ni ne kai, Malam, zan fara da Colnect, in ware gwangwanin ƙasa-ƙasa, in rubuta lambar Gibbons ta kowane ɗan Nijeriya a littafin rubutu da fensir. Idan na ga waɗanda suka girmi 1970 suna da yawa, sai in roƙi wani mai dawowa daga Ingila ya riƙo mini tsohon bugun Gibbons na hannu, ko da na shekara goma baya ne. Sababbin fitowa kuwa akwai rajistar WNS ta Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, wadda ta fara aiki a 2002, inda ƙasashen da suka shiga suke sanya abin da suka fitar da gaske, domin an sha buga na bogi da sunan ƙasashen Afirka. Waɗanda ke manne da ambulan kuma, don Allah kada ka jiƙa su ka ɓare tukuna. Manyan kundayen nan kan sarkin kawai suke lissafawa, ba su cika kula da hatimin garin da aka buga a kansa ba, alhali ambulan mai hatimin Zungeru ko Lokoja na zamanin farko yana iya fin kan sarkin da ke jikinsa daraja. Ka ɗauki hoton gaba da bayan guda biyar daga cikinsu ka turo mana, mu duba hatiman tare.