Auduga ko yadin roba: wanne ya fi a doguwar tafiya?

'Yar'uwa, kin tambaya ko kayan auduga za ki ɗauka ko na roba, tunda awa tara za ki yi a jirgi, kuma ƙaramar jaka ɗaya ce za ta riƙe ki sati biyu. To, ga yadda na gan su.

Auduga tana shan gumi, iska na ratsa ta, ba ta sa ƙaiƙayi. Ko a kujera kika kwana da ita, wari ba ya saurin kama ta. Sai dai tana yamutsewa, mutum ya sauka riga kamar an ƙwato daga bakin kura. Babban aibinta kuwa shi ne rashin bushewa. Na taɓa wanke rigar auduga da daddare a masauki na shanya a banɗaki, gari ya waye wuya da hammata na nan da lema, dole na cusa ta a leda na kama hanya.

Yadin roba, wato foliyesta da nailan, a nan ya yi wa auduga fintinkau. Danshin da zaren foliyesta ke riƙewa bai kai kashi 1 cikin 100 na nauyinsa ba, na auduga kuwa yana kaiwa kusan kashi 8. Shi ya sa in kin wanke, kin naɗe a tawul kin matse, kafin asuba ya bushe, kuma ba ruwanki da guga. Amma fa maiƙon jiki na maƙalewa a zarensa, wuni ɗaya sai ki ji tsami. A wurin zafi kuma yana manne wa fata. Sannan in wuta ta taɓa shi narkewa yake yi a jiki, abin da ya sa ba na son sa a cikin jirgi ko mota ke nan.

Don haka ni dai ranar tafiya auduga nake sawa, na roba su zauna a jaka don wanki da sauyi.

Amma wallahi ɗinkin ya fi yadin damuna. Tun 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa zaman tafiya na sama da awa 4 yana ninka haɗarin daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa. Duk abin da zai matse ki a ƙugu ko bayan gwiwa, komai kyansa, bar shi a gida. Kafin ki zaɓa, sa kayan ki zauna minti goma a kujera, ki sunkuya kamar za ki ɗauko jaka. Inda zai cije ki a hanya, nan take za ki ji shi. Ƙafa ma tana kumbura, saboda haka kada ki kuskura ki sa sabon takalmi, ɗauki wanda ya riga ya saba da ke.

Ki kuma riƙe rigar sanyi mara nauyi mai zif a hannu, ba a jakar da za a auna ba, don jirgi kan yi sanyi sosai in dare ya raba.