Kantin maganin da ya ƙi sayar mini da rabi

Haƙori ne ya kai ni, turmin ƙasa na gefen dama. Kwana uku ina daurewa da ruwan gishiri da kanumfari, a na huɗu na wayi gari kunci ya kumbura, ga zazzaɓi, ko allo ban iya tsayawa gabansa ba. Likitan haƙori ya ce mugunya ce ta taru a gindinsa. Ya fitar da abin da zai fita, ya rubuta mini amoxicillin mai haɗe da clavulanic acid, mai lamba 625, wanda aka fi sani da Augmentin, ƙwaya ɗaya safe ɗaya yamma har kwana 7, sannan in dawo a cire haƙorin.

Wani abokin aikina ne ya kwatanta mini kantin, a Sabon Garin Zariya, ba nisa da unguwar PZ. Daga Tudun Wada sai ka hau Keke, alhali a layinmu kaɗai akwai kemis uku. Na je dai.

Tun ina kan layi na gane wurin daban ne. Wata mata a gabana ta miƙa takardar ciprofloxacin. Mai harhaɗa maganin, matashiya ce sanye da farar riga a kan hijabi, ta tambaye ta ko tana shan fura da nono da rana. Matar ta ce kullum. Sai ta ce mata kada ta haɗa su lokaci ɗaya, domin nono da madara da maganin gyambon ciki na ruwa suna riƙe wannan ƙwayar a hanji, jiki ba ya samun ta yadda ya kamata, a bar 'yan sa'o'i a tsakani. Shekarata nawa ina ganin ana sayen wannan magani a unguwa da sunan taifot, ban taɓa jin wanda ya faɗi haka ba.

Da aka zo kaina ta karanta takardar, ta ɗago.

"Malam, ka taɓa shan ampiclox ko wani dangin penicillin ya fito maka da borin jini ko ƙaiƙayi?"

Na ce a'a. Ta tambayi ciwon hanta, ta tambayi ko ina kan wani maganin. Sannan ta faɗi kuɗi, gabana ya faɗi, ƙarshen wata ne. Na ce, "Malama, ki ba ni na kwana uku, in albashi ya shigo na dawo." Abin da muka saba ke nan: ka miƙa abin da ke aljihunka, a yanko maka kati da almakashi daidai kuɗinka.

Ta ce ba za ta yanka ba. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma sa na ji kunya a gaban mutane ba. Ta ce a kwana na uku kumburi zai saɓe, zan ji garau, kuma da wuya in dawo. Ƙwayoyin cutar da suka rage su ne masu taurin kai, in suka farfaɗo ciwon zai dawo, wataƙila maganin bai ƙara yi musu komai ba. Daga nan ta ɗauko wani na wani kamfani, sinadari ɗaya, ƙarfi ɗaya, kuɗinsa bai kai na farko ba. Ta juya kwalin ta nuna mini lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, ta ce in karanta da idona. Shi na saya, guda 14 cif.

A bayan kwalin ta rubuta da biro: bakwai na safe, bakwai na yamma, da fara cin abinci. Ta ce sa'a 12 ake so tsakani don kada maganin ya yanke a jini, abincin kuma yana rage tashin zuciya. Ni sai na ɗaure shi da kokon safe da tuwon bayan magariba, ban tsallake ko ɗaya ba. In mutum ya manta, ta ce, ya sha da ya tuna, sai dai in lokacin na gaba ya kusa, kuma kada a haɗa biyu don ramuwa. Kada in ɓallo ƙwayoyin daga katinsu in zuba a leda, damshi yana lalata su. Ɗan sakin ciki ba abin tsoro ba ne, na kuwa yi shi kwana biyu. Amma gudawa mai tsanani ko mai jini, ko leɓe da fuska su kumbura, ko numfashi ya yi wuya, a daina sha a nufi asibiti nan take.

Ina shirin fita na tuna ƙaramar 'yata tana mura, na ce a ƙara mini amoxicillin na ruwa. Nan ma ta hana. Ta ce yawancin mura bairos ne ke kawo ta, wannan magani kuma bakteriya yake kashewa, ba abin da zai ƙara wa yarinya sai zawo. In zazzaɓi ya ƙi sauka ko numfashinta ya yi sauri, a kai ta a duba. Wannan ya tsaya mini a rai, don na san gidaje da yawa, har da na 'yan uwana, da ake ajiye ragowar kafso ja da yalo a cikin kwalla, a ba yaro in ya yi gudawa, a buɗe a barbaɗa a miki. Tetracycline ne fa, wanda ba a ba yaro ƙasa da shekara 8 ko mai ciki, saboda yana ɓata haƙora.

Kantin yana da nasa aibi. Ya yi ƙanƙanta, benci ɗaya ne, ni da haƙori na zugi na yi kusan rabin sa'a a tsaye, domin kowa sai an yi masa bayani. Bayanin ma a bainar jama'a ake yi, mace mai ciwon sanyi ba za ta sake ta faɗi damuwarta ba, ya kamata su keɓe ɗan lungu. Wasu kayansu sun fi na unguwa tsada. Sannan in ita ta fita salla, yaran kanti ba sa ba da irin wannan magani sai ta dawo. Wannan na ƙarshe ban ƙi shi ba, ko da yake mai sauri zai ji haushi.

A kwana na uku kumburin ya saɓe kamar yadda ta faɗa. Na shanye sauran takwas ɗin, na koma aka cire haƙorin ranar Talata. Takardar hawan jinin mahaifiyata ma yanzu can nake kai ta.