Cibiyar Sepilok: Inda Ake Koya wa Marayun Orangutan Zaman Daji

Cibiyar Sepilok, wadda ke kusa da Sandakan a jihar Sabah ta Malesiya, tana renon marayun birai orangutan tun shekarar 1964, kuma da yawansu sare dazuzzuka domin katako da gonakin kwakwar manja ne ya raba su da uwayensu.

Baƙi suna bin gadar katako zuwa dandalin ciyarwa da ƙarfe 10 na safe ko 3 na yamma. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake ajiye abinci kusan iri ɗaya kullum da gangan, domin biran su ƙosa su shiga daji neman nasu. Saboda haka baƙo zai iya jira har ya tashi bai ga ko ɗaya ba, kuma a ganina wannan alama ce ta nasarar aikin. Ƙananan kuwa ta bayan gilashi ake kallonsu suna lilo a igiya suna koyon hawa, tun da cututtukan mutane suna kama su.

Macen orangutan takan yi shekara 7 zuwa 8 tsakanin haihuwa da haihuwa, don haka kowane jariri da aka ceto yana da daraja. Ziyarar ta cancanci kuɗinta ga mai haƙurin jira.