Wane Littafi Ya Kamata a Saya Kan Tarihin Saran Garuruwan Yammacin Amurka?

Littattafan da suka shafi wannan tarihi iri uku ne, kuma kowanne akwai tambayar da yake iya amsawa, saboda haka kafin ka fitar da kuɗinka sai ka san abin da kake nema.

Na farko su ne tarihin gundumomi, waɗanda aka buga da yawa bayan shekarar 1876. A cikinsu za ka samu sunayen iyalan da suka karɓi fili eka 160 a ƙarƙashin dokar rabon filayen gwamnati ta 1862, da wanda ya fara gina makaranta ko coci a gari. Sai dai mawallafan kan bi gida-gida suna karɓar kuɗi, wanda ya biya shi ake rubuta tarihinsa har da hotonsa, don haka yabo ya yi yawa, talaka bai cika samun shiga ba, 'yan asalin ƙasar da aka kora daga filayen kuwa ba a ba su bakin magana ba. Wannan giɓi yana damuna ƙwarai. Tunda waɗannan littattafai sun fita daga haƙƙin mallaka, ana karanta da yawansu kyauta a ɗakin karatu na intanet mai suna Internet Archive, kuma ban ga dalilin sayen tsohon bugu mai tsada ba, alhali sabon bugu mai fihirisar sunaye ya fi shi amfani.

Littattafan layin dogo sun fi bayyana dalilin da ya sa wani gari ya bunƙasa, wani ya zama kufai. Layin Central Pacific daga Sakramento da na Union Pacific daga Omaha sun haɗu a Promontory ta Yuta ranar 10 ga Mayu, 1869. Ka zaɓi littafin masanin tarihi wanda ya ba leburori 'yan ƙasar Sin haƙƙinsu, domin su ne mafi yawan ma'aikatan Central Pacific, maimakon kundin hotunan jiragen ƙasa ko wanda kamfani ya buga don tallar kansa.

Littafin salsalar iyali kuwa bai da amfani sai ga mai bin wannan zuri'a. Ka duba ko marubucin ya nuna takardar aure, ta fili ko ta ƙidaya ga kowane suna, musamman a shekarun da ƙidayar jama'a ta 1890 ta shafa, domin yawancin takardunta sun salwanta sakamakon gobarar 1921 a Washinton. Idan bai nuna ba, ka bar masa littafinsa.