Wata bakwai da matatar duro uku a kududdufin tarwaɗata

Kududdufin siminti ne a bayan ɗaki, yana cin ruwa lita 4,000, da tarwaɗa 200 a ciki. Kafin a haɗa mini matatar ruwa, duk kwana biyu sai na zubar da rabin ruwan na kira 'yan garuwa, ga ƙarni har zaure. Maiɗakina ta gaji, maƙwabta ma sun fara magana a fakaice.

Wani mai aikin famfo ne ya tsara mini ita da shuɗin duro uku, kowanne lita 200. Ruwa yana shiga na farko ta gefe, ya riƙa kewayawa a hankali, kashin kifi da ragowar abinci su kwanta a ƙasa. Da safe nakan buɗe famfon gindinsa, baƙar laka ta fito, in kai wa alayyahu da zogale. Na biyu soso ne da tsohon gidan sauro, masu tare ƙananan datti.

A na uku aikin yake, ko da yake tsakuwa kawai ido ke gani. Tarwaɗa tana fitar da amoniya, gubar da kan taru ko a ruwa garau. A jikin tsakuwar wasu ƙwayoyin bakteriya ke zama, su mai da amoniyar naitirait, wasu kuma su mai da ita naitiret, wadda kifi ke jurewa sosai. Abu ne mai rai, kuma yakan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin ya kafu.

Nan ne ƙorafina. Mutumin ya iya aikinsa, bututu ko ɗaya bai taɓa yoyo ba, amma bai gaya mini wannan jiran ba. Da na ga ruwa ya washe sai na daina canji. A mako na biyu kifayen suka ƙi cin abinci, suna rataye a saman ruwa, 11 suka mutu. Har yau abin yana ci mini rai, don magana ɗaya ta isa ta tsare su. Daga baya ne wani tsohon mai kiwo ya gargaɗe ni kada in kuskura in wanke tsakuwar da ruwan famfo mai kulorin, don yana kashe ƙwayoyin, da ruwan kududdufin ake ɗauraye ta.

Sai wuta. Injin da ke tura ruwa cikin matatar yana zagaya da ruwan duka cikin kusan awa biyu, amma in aka ɗauke wuta aka daɗe, ƙwayoyin sukan rasa iska su fara mutuwa. Dole na ƙara sola da batir, kuɗin da ban sa a lissafi ba.

Yanzu kashi ɗaya cikin biyar nake canzawa a mako, ƙarnin ya tafi. Ina shirin haɗa irinta a kududdufi na biyu, sai dai wannan karon duron farko zai fi girma, don tarwaɗa in ta yi ƙiba lita 200 yana yi wa kashinta kaɗan.