Nonprofit Explorer: inda za ka ga cikin gidauniyoyin attajirai a fili

Jama'a, duk mai ƙungiyar sa-kai da ke neman tallafi, ko mai son sanin yadda iyalan attajirai ke tafiyar da gidauniyoyinsu, ya leƙa shafin intanet na Nonprofit Explorer na ProPublica, wata kafar labarai ta Amurka. Kyauta ne, ba rajista ba komai, sunan gidauniya kawai za ka rubuta ya zazzago maka takardun da ta miƙa wa hukumar harajin Amurka, wato fom 990-PF.

Ni wajen da na fi daɗewa a kai shi ne jerin amintattu, wato 'yan kwamitin da ke kula da gidauniyar. Nan za ka ga sunan kowa a kwamiti, awa nawa yake ba aikin a sati, da nawa ake biyan shi in ma ana biya. Wata gidauniyar ka tarar uba ne da uwa da 'ya'ya, sunan gida ɗaya tun daga sama har ƙasa, wata kuma sun jawo bare masu ilimin abin sun zaunar. Ko gidauniyar Gates da aka kafa a 2000, shekara da shekaru amintattunta uku ne rak, Bill da Melinda da attajirin Amurka Warren Buffett, sai da Buffett ya sauka a 2021 sannan a 2022 suka buɗe ƙofa suka shigo da irin su Strive Masiyiwa, attajiri ɗan Zimbabwe. Kuma gaskiya ina goyon bayan haka ɗari bisa ɗari, domin kuɗin nan tunda aka zuba shi a gidauniya ya tashi daga na gida ya koma amana, dole a samu wanda zai iya duban mai gida ya ce masa a'a.

Sai jerin kyaututtuka, wa aka ba, nawa, don me, layi bayan layi. Dokar Amurka ta ce su fitar da kusan kashi 5 cikin 100 na dukiyarsu duk shekara, to a nan za ka gane masu tsayawa daidai bakin layin da masu buɗe hannu sosai. Akwai ma wani ɗan akwati da suke yi wa alama in ba sa karɓar buƙata daga wanda ba su gayyata ba, don Allah ku duba shi kafin ku kwana kuna rubuta takardar neman tallafi.

Inda ya gaza, komai da Turanci ne kuma fom ɗin dogo ne, wanda bai saba da lissafin akanta ba kansa zai ɗau zafi. Bayanan ma sukan zo a makare saboda sai shekara ta ƙare ake cike fom, kuma na Amurka ne kaɗai. Sannan takarda za ta nuna maka an ba wata makaranta kuɗi amma ba za ta gaya maka ko yaran sun amfana ba, wannan sai ka bincika da kanka. Duk da haka ina ba da shawarar shi sosai, ku fara da ƙaramar gidauniya mai shafuka kaɗan kafin ku taɓa manyan.