Agashen Baba, yanzu a hannun ɗansa

Ranar Alhamis bayan la'asar na hau raksha (babur mai ƙafa uku) na nufi rumfar Baba mai agashe, wato tsire, karo na farko tun da muka dawo garin Madani na Sudan. Babban ɗansa na tarar a bakin wuta. Sai da na yi masa gaisuwa kafin na yi zancen nama, don Baba bai dawo tare da mu ba. Da yaƙi ya shigo garin a Disambar 2023 ya kwashi iyalinsa zuwa Gadarif, can ciwon suga ya kwantar da shi, can aka yi masa sutura. Allah Ya jiƙansa.

Mutumin Mai Wurno ne, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa kusa da Sinnar bayan yaƙin Burmi na 1903. Da faranti ɗaya a ka ya fara talla a tasha, har ya kai ga rumfa mai benci shida da yaran aiki huɗu. Da wannan wutar ya aurar da 'ya'ya mata biyar, ya kai mahaifiyarsa Makka. In Balarabe ya ce a ba shi agashe, sai Baba ya kalle mu ya ce, "Kun ji shi yana Hausa bai sani ba."

To, naman fa? Na ragon bai canza ba. An yanka shi fale-fale, an birkiɗa shi cikin ƙuli-ƙuli, an kakkafa tsinkayen kewaye da garwashi ba a kansa ba, yadda zai gasu a hankali ba tare da ya ƙone ba. Yaron ya gaji hannun ubansa wajen yayyafa man gyaɗa, har yadda yake karkata kai don kauce wa hayaƙi. Albasa da lemun tsami ba rowa. Na kaza kuwa ya bushe, ban ma gama shi ba.

Yajin ne ya ba ni kunya. Akwai zafi, amma ƙamshin nan na kimba da masoro da ke biyo ka har gida ya tafi, gishiri ya yi masa yawa. Na faɗa masa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kawu, ai ba Baba ke haɗawa ba. Hajiya ce take dakawa a turmi, ita kuma ta ce ba za ta baro inda kabarinsa yake ba." Shekara ashirin ina yabon Baba a kan yajin matarsa! Yanzu inji suke kai wa.

Kuɗi ya tashi sosai, amma ina ne bai tashi ba? Ana karɓar Bankak, manhajar biyan kuɗi ta waya. Benci biyu kawai suka rage, firjin ma an ɗauke, don haka zoborodon ba sanyi.

Da zan tafi na tambayi littafin bashi, don na san da sunana a ciki. Ya ce ya tafi tare da firjin, kuma Baba ya bar wasiyya cewa wanda ya tuna ya biya, wanda ya manta an yafe. Na tuna, tsinke goma sha biyu ne, na biya da farashin yau.

In za ka je, ka riga sallar magariba, don na ragon ba ya kaiwa isha'i.